Tambaya da Amsa: Shin Za a Iya Dawo da Kyanwar da Ta Mutu?

Wasiƙun da suka zo wannan fili a watan nan sun karkata ga abu guda, wato aikin nan da masana kimiyya ke yi na fitar da dabba daga jikin wata dabba ba tare da barbara ba, da sauran taɓe-taɓen da ake yi wa ƙwayoyin gado, wato abubuwan da ke ɗauke da siffofin da ake gada daga iyaye. Na zaɓi guda biyar, na gajarta wasu, kuma na cire sunayen masu su kamar yadda muka saba. Ni ba mai fatawa ba ne, don haka inda magana ta kai ga hukunci zan kawo abin da malamai suka riga suka yanke, in kuma faɗi ra'ayina a matsayinsa na ra'ayi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Mabera. Autata 'yar shekara tara tana da wata farar kyanwa mai baƙin tabo a goshi, wadda ta raina tun idanunta ba su buɗe ba, sai ga shi ta mutu a cikin zafin bazarar nan bayan ta yi kwana biyu ba ci ba sha. Har yau yarinyar tana wanke ɗan kwanon da take zuba mata madara, ta kife shi a bayan randa. Yayanta ya nuna mata a waya cewa a ƙasashen waje ana ɗaukar naman dabbar da ta mutu a sake yin wata sak irinta, shi ne ta tasa ni gaba da roƙon in sa babanta ya kai tata a yi mata. Shin da gaske ana yin haka, kuma ya dace a yi? Me zan gaya wa yarinyar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba 'yar auta haƙuri, Ya kuma bar mata wannan tausayin da ke zuciyarta. Abin da yayanta ya gani gaskiya ne, amma fahimtar da suka yi masa ce ta kauce. Ana kiran aikin kwafin halitta, Larabawa kuma suna ce masa istinsakhi, kuma ga yadda yake. Kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikin dabba, ko ta fata ce ko ta kunne, tana ɗauke da cibiya wadda cikakken tsarin gadon dabbar yake ƙunshe a ciki. Sai a samo ƙwai daga wata mace daban, a zuƙe cibiyarsa da allura mai siririn baki, a sanya cibiyar dabbar da ake son kwafa a gurbinta, a ɗan ratsa shi da wutar lantarki har ya fara rarrabuwa kamar wanda maniyyi ya shiga. Daga nan a dasa shi a mahaifar mace ta uku, ita ce za ta ɗauki cikin, ta haifa, ta shayar.

Tunkiyar nan Dolly, wadda aka haifa ranar 5 ga Yuli 1996 a Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbura a Sikotilan, ita ce ta farko cikin dabbobi masu shayarwa da aka samar ta wannan hanya daga jikin babbar dabba. Kyanwa ta farko ta zo a Disamban 2001 a wata jami'a da ke Teksas ta Amurka, kare na farko kuma a 2005 a Koriya ta Kudu. Yau akwai kamfanoni a Amurka da Sin da Koriya da suka mayar da abin kasuwanci, kuma kamfanin ViaGen na Teksas yana karɓar dala 50,000 a kan kare guda, kuɗin da idan aka juya su zuwa naira za su gina wa mutum gida sukutum a Sakkwato.

To amma abin da ya kamata ki riƙe shi ne, wanda ya biya waɗannan kuɗi ba dabbarsa da ta mutu ake dawo masa da ita ba. Tagwainta ake haifa masa, tagwai da ya makara da shekaru. Duk wanda ya zauna gida ɗaya da Hassana da Usaina masu kama ɗaya ya san gadonsu guda ne, amma ɗaya na iya zama mai surutu ɗaya miskila, kuma idan Hassana ta rasu babu mahaifiyar da za ta ce tana nan tunda Usaina na raye. Kyanwar farko da na ambata ma ta ba masu binciken kunya ta wannan fuska. Wadda aka kwafo ta daga jikinta tana da launi uku, har da ruwan goro, ita kuwa sabuwar ta fito fara da ratsin ƙasa-ƙasa, babu ɗigon ruwan goro ko ɗaya a jikinta, domin yadda launi ke bazuwa a gashin macen kyanwa ya dogara ga abubuwan da ke faruwa a cikin mahaifa, waɗanda ba a kwafarsu. Saboda haka ko baƙin tabon nan na goshi babu mai ba ki tabbacin zai dawo, balle sabon da ke tsakaninta da yarinyar, da yadda take gane takunta tun daga zaure. Mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand, wadda ta sa aka kwafi karyarta har biyu, ta faɗa da bakinta a 2018 cewa halayensu sun bambanta.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa nunawa a hoto, wanda ni a wurina shi ne mafi nauyi. Kafin a samu Dolly sai da aka gwada ƙwai 277, guda 29 suka kai a dasa su, ɗaya tak ya rayu. Kafin a samu karen Koriya sai da aka dasa 'ya'yan tayi 1,095 a cikin karnuka 123, ciki uku ya shiga, aka haifi biyu, ɗaya ya mutu yana ɗan makonni. An samu ci gaba daga wancan lokaci, amma har gobe sai an tara matan da za a ɗebi ƙwansu da waɗanda za su ɗauki ciki, kuma a wajen karnuka duka biyun aikin tiyata ne, a tsaga ciki a ɗinke. Waɗannan dabbobi ba su da mai kuka a kansu, kuma babu wanda ya raɗa musu suna. Mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, bai kamata mu yarda cewa son kyanwa ɗaya ya isa hujjar wahalar da wasu goma ba. Idan aka haɗa wannan da zubar da dukiya mai yawa haka a garin da ake kwana da yunwa, alhali Alƙur'ani ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, ni ban ga ta inda aikin zai dace don huce baƙin ciki kawai ba. Ko da ma babanta yana da kuɗin, lokaci ya wuce, domin ana buƙatar tsokar da aka yanka dabbar na raye, ko cikin 'yan kwanaki kaɗan da mutuwarta tana ajiye a sanyi, kuma kin san abin da zafin garin nan ke yi wa nama cikin yini ɗaya.

Game da abin da za ki gaya mata, ina roƙonki kada ki ce mata ai kyanwa ce kawai. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai raina damuwar yaron ba, ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Ki gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa abin da ake yi a can ƙanwa ake samar wa kyanwar, ita kanta ba ta dawowa. Kada kuma ki yi gaggawar kawo wata ki ce ga madadinta. Ina yaro aka yi mini haka da wani ɗan akuya da ya ci leda ya mutu ina makarantar allo, kakata ta nemo mai irin launinsa ta ɗaure a turkensa kafin in dawo, amma ina shiga na miƙa masa hannu ya ja da baya, nan take na gane, kuma ruɗin da aka yi mini ya fi mutuwar ɗan akuyan yi mini ciwo. Ki bar mata kwanonta a bayan randa, ranar da ta nemi wata mussar da kanta sai a samo mata.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'a, ina karanta kimiyyar halittu, gidanmu yana Gidan Igwai. Mun yi musu mai zafi a majalisarmu, inda wani abokina ya ce duk wannan aiki gasa ce da Allah a wajen halitta, kuma shi ne canza halittar da Shaiɗan ya yi alkawarin zai umurci mutane da shi, har ya ce karatun nawa ma akwai shakka a kansa. Ya abin yake?

Amsa: Ɗana, ka ci gaba da karatunka. Abokin naka yana da kishin addini, kuma ayar da yake nufi tana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 119, amma ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Halitta ita ce samar da abu daga babu. Wanda ke kwafin tunkiya kuwa yana buƙatar rayayyar ƙwayar halitta da bai yi ta ba, da ƙwan da bai yi shi ba, da mahaifar da bai san yadda take sarrafa jini ya zama ƙashi da tsoka ba, kuma bayan ya haɗa su sai ya koma gefe ya jira, sau da yawa ma ya tashi a tutar babu. Ƙalubalen Suratul Hajji, cewa ba za su halitta ko ƙuda ba ko da sun taru a kansa, yana nan daram. Manomin da ya karya itacen rogo ya dasa, ko ya cire ɗan dabino daga gindin uwarsa, ko ya yi wa mangwaro aure, shi ma kwafin halitta yake yi a tsirrai, domin abin da zai fito gadonsa ɗaya ne da uwar, kuma ba mu taɓa jin an kafirta shi ba. Alfadari ma da mutane ke samarwa ta haɗa jaki da goɗiya, Alƙur'ani ya lissafa shi cikin ni'imomi tare da dawaki da jakuna a Suratun Nahli.

Ita kuma ayar canza halitta, magabata sun fassara ta ta fuska fiye da ɗaya. Wasu sun ce addinin Allah ake nufi, wasu sun ce irin su zanen jiki da fiɗiye dabbobi. Duk da haka malamanmu na Malikiyya sun halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran da yake yi wa nama, suka hana a yi wa dawaki. Wannan ya nuna maka cewa ba kowane taɓa jikin dabba ne suka ɗauka shiga hurumin Ubangiji ba, suna auna amfani ne da cuta.

A kan wannan ma'auni Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta yi zama na goma a Jidda a tsakiyar 1997, watanni kaɗan bayan an bayyana labarin Dolly. Ta haramta kwafin ɗan Adam ta kowace hanya, ta kuma halatta amfani da kwafi da gyaran ƙwayoyin gado a ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi, da sharaɗin a tsaya cikin iyakokin Shari'a, a jawo maslaha, a kauce wa ɓarna. Mutane sukan riƙe rabin farko na wannan halaccin su manta da sharaɗin, alhali a cikinsa duk nauyin maganar yake. Sinadarin insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura da shi, tun 1982 ake samar da shi ta hanyar sanya gadon mutum a cikin ƙwayoyin bakteriya, kuma maslahar da ke ciki ba ta buƙatar dogon bayani. Attajirin da ke son a yi masa kwafin karen da yake kwana da shi a gado kuwa, shi ne zai sha wuya wajen nuna tasa maslahar. Ka gaya wa abokin naka cewa inda ya kamata ya sa ido shi ne wa aka cutar, wa ya amfana, kuma wa aka tambaya kafin a yi. Idan ya koma kan waɗannan zai tarar da abin faɗa mai yawa, kuma zan tsaya tare da shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, sana'ata kiwo da turka raguna, ina kai su Kara da kasuwar Acida. Na taɓa mallakar wani rago Balami wanda har yau ban sake ganin mai ƙirarsa ba. Da a ce irin wannan aiki zai zo ƙasarmu, zai amfani irinmu? Kuma ragon da aka samar haka ana cin namansa, ana layya da shi?

Amsa: Alhaji, tambayarka ta fi ta masu karnuka ƙarfi, domin kai ƙira kake nema, kuma ƙira tana bin gado fiye da yadda hali ke bin sa. A wannan fagen ne ma aikin ya fi samun kasuwa. An haifi doki na farko ta wannan hanya a Italiya a 2003, kuma a 2016 shahararren ɗan wasan folo na Ajantina, Adolfo Cambiaso, ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar ƙasarsu a kan dawaki shida da aka kwafo daga goɗiya guda. A Dubai an haifi raƙuma ta farko, mai suna Injaz, a 2009, kuma tun daga nan ake kwafin raƙuman tsere da masu yawan nono.

Batun ci kuwa, rago rago ne, tunkiya ce ta haife shi, kuma yanka ne ke halatta shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana a 2008 cewa nama da madarar shanu da awakin da aka kwafa ba su bambanta da na sauran ba ta fuskar lafiyar mai ci. Sharuɗɗan layya kuma ka fi ni saninsu, wato shekaru su cika, kuma dabba ta kuɓuta daga ido ɗaya da gurgunta da cuta da rama bayyanannu, sauran bayani sai ka tuntuɓi malaminku. Sai dai ka sani Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar neman hana kwafin dabbobin gona a 2015, kuma hujjarta wahalar da dabbobin ke sha ce. A shanu da tumaki ɗan tayin yakan yi girman da ya wuce kima, uwar ta kasa haihuwa sai an fiɗa ta, da yawa kuma su mutu cikin kwanakin farko saboda matsalar huhu ko zuciya.

Ni abin da ya fi damuna game da garkenmu wani ne daban. Arzikin makiyayi yana cikin bambancin dabbobinsa, domin idan annoba ta shigo takan kwashe wasu ta bar wasu, kuma daga waɗanda suka tsira ake sake tayar da garke. Garken da duka kwafin rago ɗaya ne, cutar da ta iya da ɗaya ta iya da dukansu. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, da shanunmu Gudali, babu ɗakin binciken da ya yi su. Zaɓen makiyaya ne na ɗaruruwan shekaru, a cikin wannan rana da wannan ƙishirwa. Abin da zai amfane ka yau, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa ba, shi ne ka daina sayar da mafi kyawun ragonka ranar jajibirin Salla kafin ya bar iri, ka riƙa rubuta wace tunkiya ce ta haifi wane, ka kuma nemi shawarar likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kan zaɓen iri da rigakafi. Ina zaton Balamin nan da kake kewa, wuƙa ce ta riga 'ya'yansa zuwa.

Tambaya: Malam, 'ya'yana biyu suna da ciwon sikila, kuma ba na iya ƙirga dararen da muka kwana a asibiti. Na ji an ce an samo maganin da ke gyara jinin gaba ɗaya ta hanyar canza gado. Gaskiya ne? Kuma ba shi ne irin abin da aka ɗaure wani likita a Sin saboda shi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ba su lafiya, Ya saka maka da mahaifiyarsu a kan wannan jinya. Gaskiya ne, kuma abubuwan biyu da ka ambata kayan aikinsu ɗaya ne, wata dabara da ake kira CRISPR, mai aiki kamar almakashi a kan ƙwayoyin gado, wadda ta sa aka ba mata biyu, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, kyautar Nobel a 2020. Amma tsakanin ayyukan biyu akwai rata mai faɗi.

Maganin sikilar, mai suna Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamban shekarar. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin kansa, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje, sannan a ba shi magani mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargo, a mayar masa da nasa da aka gyara. Gyaran yana tsayawa a jikinsa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa, kuma shi ko waliyyinsa ne ya yarda aka yi. Wannan magani ne kamar sauran magunguna, ko da yake yana da nasa haɗarin, ciki har da yiwuwar rasa haihuwa saboda maganin share ɓargon. Shi kuwa He Jiankui, wanda ya ba da sanarwa a Nuwamban 2018 cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa gadonsu tun suna 'ya'yan tayi, ya yi gyaran da zai bi zuriyarsu, a kan yaran da ba su da wata cuta da ta tilasta hakan, ta hanyar da ba a tabbatar da amincinta ba. Kotu a Sin ta yanke masa ɗaurin shekara uku a ƙarshen 2019, kuma a ganina ba a zalunce shi ba.

Inda maganar ke da ɗaci shi ne farashi. Dala miliyan 2.2 aka sanya wa maganin a Amurka, ga mutum ɗaya, alhali Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan ciwo, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a duk shekara. Ilimin da ya kai ga kwafa wa mai kuɗi karensa, ya kuma samo maganin ciwon da ya fi addabar baƙar fata sannan ya sa masa kuɗin da ba mai iya biya a inda ciwon yake, dole a tambaye shi wa yake yi wa aiki. Kafin abin ya sauko, ka tambayi likitansu game da maganin haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon, ka tsare su daga zazzabin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki, musamman a watannin zafi. Idan kuma 'yan'uwansu masu lafiya sun isa aure, ka tsaya kai da fata a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin AS da AS idan suka haɗu, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Tambaya: Malam, tunda an yi tunkiya an yi raƙumi, me ya hana a yi mutum? Ko an yi ana ɓoyewa ne?

Amsa: Malama, babu wani mutum da aka tabbatar an samar ta wannan hanya, ko da yake an sha yin iƙirari ba tare da hujja ba. Mafi kusa da aka zo shi ne birai biyu da aka bayyana haihuwarsu a Shanghai a farkon 2018, bayan an dasa 'ya'yan tayi 79 a cikin birai mata 21. Ki mayar da wannan lissafi kan mata 'yan Adam da jariransu, za ki ga dalili na farko. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar kira ga ƙasashe su hana shi a 2005, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta shi a Nijeriya, hukuncin malaman da suka taru a Jidda kuma na riga na kawo shi a sama.

Dalilin da ya fi jan hankalin malaman shi ne nasaba, wadda tsare ta yana cikin manyan manufofin Shari'a. A ɗauka wani mutum ya sa an kwafe shi, matarsa ta ɗauki cikin ta haifa. Ta fuskar gado na jini, yaron tagwain mutumin ne, iyayensa na asali su ne kakanninsa na suna, matar da ta haife shi kuma kusan ba ta da komai a jikinsa in ban da ɗan abin da ya rage a cikin ƙwai, in ma nata ne aka yi amfani da shi. Ranar da mutumin ya rasu aka je gaban alƙali rabon gado, idan an ɗauki yaron ɗa ne zai shiga cikin 'ya'ya ya kuma katange 'yan'uwan mamacin, idan kuwa ɗan'uwa ne to 'ya'ya maza sun katange shi, ba ya samun ko kwabo. Haka tambayar za ta sake tasowa ranar da ya ga 'yar ƙanen mutumin yana so, domin a lissafi ɗaya 'yar baffansa ce da aure ya halatta a tsakaninsu, a ɗaya lissafin kuma 'yar ɗan'uwansa ce da ta haramta gare shi har abada.